Kaka da Jikoki a Gonar Kabewa

Hausa tana da kalma ɗaya wadda ta ke ɗauke da kaya biyu. Sa'anda damina ta wuce, dawa ta nuna, aka shiga girbi, sai mu ce kaka ta yi. Idan kuma mutum ya tsufa har ya ga 'ya'yan 'ya'yansa, shi ma kaka mu ke ce da shi. A ƙasar Amurka akwai wata al'ada inda waɗannan kaka biyu su ke gamuwa a gona ɗaya. Ita ce mu ke so mu duba a wannan wata, tare da Joshuwa sura 4. Yana da kyau ku buɗe surar ku karanta ta tukuna.

Can a Amurka, daga ƙarshen watan Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, zafi ya kan tafi, sanyi ya soma shigowa, ganyayen itatuwa su juya ja da rawaya, su zube. A lokacin nan manoma da yawa na kusa da birane su kan buɗe gonakinsu na kabewa domin baƙi. Ran Asabar da safe sai ka ga tsoho ko tsohuwa sun cika mota da jikoki, kowane yaro an sa masa rigar sanyi. A bakin gona a kan ɗora su bisa amalanke wanda tarakta ta ke ja, su zauna a kan damman busasshiyar ciyawa, a kai su tsakiyar gona. Daga nan sai yara su watse. Kowane yaro yana neman tasa kabewa. Wani ya ɗaga wannan, ya ajiye, ya hango waccan ta fi ta girma. Waɗansu kakanni su kan kafa doka, su ce yaro ba zai ɗauki kowace ba sai wadda ya iya kai wa amalanke da hannunsa, doka kuwa mai kyau ce, har manya ma ta dace da su. A ƙarshe a auna, kaka ya biya, a sha ruwan tuffa, a dubi awaki da kaji, a koma gida da takalma cike da laka.

Wataƙila mai karatu a ƙauye zai yi dariya, ya ce, “Ashe har biya a ke yi domin a shiga gona?” Hakika ana biya, dalilin kuwa ba mai wuyar ganewa ba ne. A shekarar 1900 wajen mutum 40 cikin 100 na ma'aikatan Amurka aikin gona su ke yi. A shekarar 2000 ba su kai 2 cikin 100 ba. Watau akwai yara masu ɗimbin yawa waɗanda ba su taɓa ganin abinci yana fitowa daga ƙasa ba, sai dai daga kanti. Sau da yawa kakan nan da ya kawo su shi ne mutum na ƙarshe a zuriyar wanda ya taɓa riƙe fartanya, ko wanda ya taɓa kwana a gidan gona. Kada mu yi saurin dariya. Yaran da a ke haifa mana yau a Kaduna da Jos da Abuja, nawa ne a cikinsu za su iya bambanta gero da dawa tun suna kore?

Ita kabewa 'yar asalin wancan gefen duniya ce. An sami 'ya'yanta a wani kogo a jihar Wahaka ta ƙasar Meksiko, masana kuwa sun ƙiyasta shekarunsu wajen 10,000. Mutanen ƙasar na fari su kan shuka ta tare da masara da wake a gona ɗaya. Wake ya hau karan masara, kabewa ta yi yaɗo a ƙasa, faffaɗan ganyenta ya rufe danshi, ya hana ciyawa. Bayan tafiyar Kolombus a 1492 ne jiragen ruwa suka kai irinta Turai da Afirka. Saboda haka wadda mu ke sa wa a miyar taushe da wadda yaran nan su ke runguma dangi ɗaya ne.

Yawancin kabewar da a ke saye a irin wannan fita ba domin ci ba ne. A kan kwashe cikinta, a yanka mata idanu da baki, a sa kyandir a ciki, a ajiye a ƙofar gida domin daren 31 ga Oktoba, wanda su ke kira Halowin. Mutanen Ayalan ne suka kai al'adar can a ƙarni na 19. A ƙasarsu wata irin saiwa su ke fafewa, da suka sami kabewa sai suka ga ta fi sauƙin yanka. Masu bi na can ba su zama baki ɗaya a kan daren nan ba, waɗansu suna ganinsa wasan yara, waɗansu kuwa suna ƙinsa sarai, mu ma ba shi ya kawo mu ba. Amma wanda ya taɓa jin yunwa, da wuya ya ga abinci yana ruɓewa a bakin ƙofa ransa bai ɓaci ba. Ta zama kabewar kan kabari, baƙin cikin masu taushe. Wadda a ke ci iri dabam ce. Jihar Ilinoyi ta fi kowace jiha noma ta, a garin Motan kuwa akwai babbar masana'anta inda a ke dafa ta a sa a gwangwani. Da ita a ke yin wani gasasshen abin zaƙi domin Ranar Godiya, wadda Shugaba Linkon ya yi shelarta ga dukan ƙasar a 1863, a ke kuma yin ta ran Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba.

Yanzu mu koma ga Joshuwa. Sa'anda Isra'ilawa suka gama haye Urdun a bisa busasshiyar ƙasa, Ubangiji ya sa a zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila, kowa ya saɓa dutse daga tsakiyar kogin. Joshuwa ya kafa duwatsun a Gilgal. Ku lura da dalilin da aka bayar, gama sau biyu aka faɗe shi a cikin surar. An kafa su domin wata rana yara za su wuce, su gani, su tambayi manya ma'anarsu, sa'an nan manya su ba su labari. Allah ya san yara sarai. Ya san ba da zama a jere kaɗai su ke koyo ba. Ya ajiye abu a bakin hanya wanda zai sa yaro ya tsaya, ya nuna da yatsa, ya buɗe baki. Tambaya daga wurin yaro za ta fito, amma wajibi ne akwai babba a tsaye kusa wanda ya san amsa. Tarin duwatsu ba shi magana.

Gona ma haka ta ke. Ba wanda ya taɓa kai yaro gona ya komo ba a yi masa tambaya ba. “Kaka, wa ya sa mata wannan launi?” “Kaka, yaya ƙwaya ƙarama haka ta zama abin da ba na iya ɗagawa?” Tambayar kuwa tana da nauyi. A 2023, a wata gasa a jihar Kalifoniya, an auna kabewa guda ɗaya ta kai kilo 1,247, daga ƙwayar da yaro zai ɓoye a tafin hannunsa.

Wanda ya san kabewa yana da abin faɗa wa yaro da yawa. A can a kan shuka ta daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli, ta yi kwana 90 zuwa 120 kafin ta nuna. A yaɗo ɗaya akwai fure iri biyu, namiji da tamace. Tamacen tana da ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne zai zama kabewa. Furen ya kan buɗe da sassafe, kafin tsakar rana ya rufe, ba zai sake buɗewa ba. Idan a cikin safiyar nan ɗaya ƙudan zuma bai ɗauko garin furen namiji ya kai wa tamacen ba, ƙullutun zai yi yaushi ya faɗi. Dubi fa! Kowace kabewa da ke kwance a gonar, akwai safiya ɗaya da aka aiko mata ƙwaro a kan lokaci, manomi kuwa wataƙila yana barci. Ubangijinmu Yesu ya ba da misali irin wannan a Markus 4, na mutumin da ya watsa iri, yana kwana yana tashi, irin ya tsiro ya yi girma, shi kuwa bai san yadda ya yi ba. Bulus kuma ya tuna wa Korinthiyawa shi ya dasa, Afolos ya yi ban ruwa, amma girman daga wurin Allah ya zo. Kakan da ya tsuguna ya nuna wa jikarsa furen, ya gaya mata wanda ya aiko ƙudan zuma, ya yi wa'azi ke nan, ko da ba a taɓa ba shi bagadi ba.

Akwai wani abu kuma game da waɗannan gonaki wanda ya fi ba mu tunani. Ba dukan wuraren da a ke kira gonar kabewa ne gonaki na gaskiya ba. A cikin birane sau da yawa fili ne kawai. A kan kawo kabewa da manyan motoci daga nesa, a jera su bisa ciyawa. Ekklesiyoyi da dama ma suna yin haka a filin majami'a domin su tara kuɗin hidima, da yawa daga cikin kabewar kuwa daga gonakin mutanen Nabaho a jihar Niyu Meksiko a ke kawo su. Ba laifi a cikin wannan, ciniki ne na halal, kuɗin kuma yana aiki mai kyau. Amma yaron da aka kai can ya ga kabewa, bai ga yaɗo ba. A ganinsa haka ta ke samuwa, a yanke, a goge, a jere. Wanda aka kai gona ta gaskiya kuwa, ƙafarsa za ta sarƙe a yaɗo, ƙaiƙayin ganye ya kama hannunsa, idan ya bi igiyar da haƙuri za ta kai shi har gindi, inda saiwa ta shiga ƙasa.

'Yan'uwa, muna tsoro da yawa cikin jikokinmu bangaskiya a yanke su ke samunta. Sun tarar da majami'a a gine, da benci, da ƙungiyar mawaƙa, da Littafi Mai Tsarki cikin harshensu. Sun ɗauka haka abin ya ke tun fil azal. Ba su san wanda ya fara ba da gaskiya a gidansu ba, ko abin da ya rasa saboda wannan. Ba su san an yi zamanin da a ke sujada a gindin itace ba. Ba su san dukan Littafi Mai Tsarki bai fito cikin Hausa ba sai a 1932, ko cewa akwai tsofaffi waɗanda suka koyi karatu da furfura a kansu domin kawai su karanta shi. Ba su san shekarar da ciwo ya shiga gidan, aka yi addu'a, Allah ya ji ba, balle shekarar da aka yi addu'a, aka kuma yi jana'iza, duk da haka ba a juya baya ba. Kabewar da aka yanke tana iya yin watanni da kyaun gani, amma ba za ta ƙara girma ba. Alƙalawa sura 2 ta gaya mana abin da ya faru bayan Joshuwa da dattawan zamaninsa sun mutu. Wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san aikin da ya yi wa Isra'ila ba. Zuriyar waɗanda suka saɓa duwatsun ke nan fa. Ba mu ji an ce wani ya kwashe duwatsun daga Gilgal ba. Mai ba da labari ne ya ƙare.

Wani zai ce wannan aikin iyaye ne. Gaskiya ne, nasu ne da fari. Amma a Kubawar Shari'a 4:9 Musa bai tsaya a kan 'ya'ya ba, ya ce a sanar da jikoki kuma abin da ido ya gani. Ashe mutum ba shi sauka daga wannan aiki ran da ya aurar da autansa. Kaka kuma yana da abin da uba ba shi da shi. Uba yana da hanzari, yana neman abin da za a ci, tsakaninsa da ɗan fari ma a wurinmu akwai kunya. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Tsohuwa ta ce da jikanta mijinta, tsoho ya ce da jikarsa amaryarsa, yaro ya ja gemun kakansa ba mai tsawata masa. Abin da yarinya ba za ta iya tambayar uwarta ba, za ta tambayi kakarta a gindin murhu. Wannan ƙofa Allah ne ya buɗe ta, abin baƙin ciki ne idan ba abin da ya ke wucewa ta cikinta sai alewa da ba'a. Sa'anda Bulus ya ke tuna wa Timothawus inda sahihiyar bangaskiyarsa ta fito, sunan kakarsa Loyis ya fara ambata, sa'an nan uwarsa Afniki. Uban Timothawus Baheleni ne. Mata biyu ne suka sa yaron nan ya san littattafai masu tsarki tun yana ɗan ƙarami, ba su kuwa san wanda su ke reno ba.

Lokacin kuwa gajere ne. Duk damina ba a ganin 'ya'yan kabewa sosai, ganye ya rufe su. Sai daren da sanyi ya fara daskarar da raɓa, ganyen ya yi baƙi ya kwanta, sa'an nan gona ta bayyana cike da 'ya'ya. Baƙin da su ke zuwa a Oktoba, yaɗon da su ke takawa ya rigaya ya bushe ko yana bushewa. Mu tsofaffi mun san wannan a jikinmu. Yaro kuma shekarun da zai yi murna da riƙe hannun kakansa ba su da yawa, nan da nan zai yi girma ya sami abokai, ya ga tafiya gona da tsoho abin kunya ne. Gwiwa tana ƙarewa ta nan, ƙuruciya tana ƙarewa ta can. Mai Zabura ta 71, da tsufa ya zo masa, abin da ya roƙa shi ne kada Allah ya yashe shi har ya sanar da ikonsa ga tsara mai zuwa. Yaƙub kuma yana bisa gadon mutuwa, idonsa ya dushe, da ya ji Yusufu ya zo sai ya yi ƙoƙari ya tashi zaune, Yusufu kuwa ya kawo Manassa da Ifraimu. Kafin ya sa musu albarka sai da ya ba da labarin yadda Allah ya bayyana gare shi a Luz, ya kuma shaida Allah ya yi kiwonsa dukan kwanakin ransa.

Akwai tsofaffi a cikinmu waɗanda wannan magana za ta yi musu zafi, gama 'ya'yansu sun bar hanya, ko kuwa su kansu ba su tuba ba sai da 'ya'yan suka girma. Ku karanta Labarbaru na Biyu sura 33 da 34. Manassa sarkin Yahuda ya yi mulki shekara 55, ya aika mugunta mai yawa, har ya ƙone 'ya'yansa hadaya. Daga baya aka kai shi Babila a ɗaure, can ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi ya komo da shi. Ɗansa Amon bai bi tubansa ba, muguntarsa ya bi, ya yi shekara 2 kawai aka kashe shi. Yosiya ɗan Amon ya hau gadon sarauta yana da shekara 8. Ku yi lissafi, za ku ga yaron nan yana da wajen shekara 6 sa'anda kakansa ya mutu. Shekarunsa na fari ya yi su a zamanin tsohon da ya tuba, wanda ya ke rushe bagadan da ya gina da hannunsa. A shekara ta takwas ta sarautarsa, yana saurayi tukuna, Yosiya ya fara neman Allah na Dawuda. Albarka ta tsallake uba ta sauka a kan jika.

Ga ekklesiya kuma muna da 'yar magana. A 1978 Shugaba Kata na Amurka ya sa hannu a ware wata Lahadi a watan Satumba domin kakanni. Ba mu ce a kwaikwayi wannan ba, rana ɗaya a shekara ba ta isa kome ba. Amma a wurare da yawa mun raba majami'a kashi kashi, yara can, matasa can, tsofaffi a bencin gaba su kaɗai, har yaro ya gama makarantar Lahadi bai taɓa jin dattijo ya ba da shaida ba. Akwai kuma yara marayu da waɗanda kakanninsu su ke nesa, ga gwauraye tsofaffi waɗanda jikokinsu su ke birni. Dattawan ekklesiya su dubi yadda za a haɗa waɗannan da waɗancan.

Mun sani a shekarun nan akwai inda hanyar gona ba ta da lafiya, akwai kuma tsofaffin da tashin hankali ya raba su da gonakinsu. Kabewa ba ta bukatar babbar gona. Ran da aka yanka ta domin taushe, a kira yaro ya kwashe 'ya'yan da hannunsa, ya wanke, ya shanya a inuwa har su bushe sarai. A zuba su a kwalba ko ɗan gora da toka kaɗan, a rufe, a ba shi ajiya. Idan ruwa ya zauna, ku je tare bayan gida inda juji ya ruɓe, ku shuka ƙwaya uku a rami. Ta kan hau danga ko rufin rumbu da kanta. Da sassafe a tashe shi ya zo ya ga furen kafin ya rufe. Bayan wata uku ko huɗu za ta nuna, daidai lokacin godiyar kaka. Ran da masu bi su ke shiga da damman dawa da kwandunan gyaɗa, a bar yaron ya ɗauki ta fari ya kai gaba da kansa, kakansa yana biye da shi.